AC ɗin tsohuwar Marsandi ta ƙi sanyi, sau uku ana ɗura gas. A gyara York ko a sa Sanden?

Ɗan Marsandi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku fitar da ni daga duhu. Motar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, Mercedes 240D ƙirar 1977, W123 ɗin nan, ta yi wajen shekara tara a ajiye an lulluɓe ta da tamfol kafin na ɗauko ta bara. Inji lafiya lau, giya lafiya, fenti ma na sake, abu ɗaya ne ya gagare ni shi ne AC. Sau uku ke nan ana ɗura mata gas, ranar farko sai ta ɗan yi sanyi-sanyi, kafin sati biyu ta koma hura min iska mai ɗumi a fuska. Mai ɗura min ya ce wai haka tsofaffin motoci suke, sai dai in riƙa zuwa ana ƙara mata. Kwamfuresan ciki, wato famfon da ke matsa gas ɗin AC, na asali ne, York, mai kusurwa huɗun nan da ke tsaye gefen inji kamar ƙaramin janareta. Wani ya ce in cire shi in sa na zamani ƙirar Sanden, wani ya ce kar in kuskura in taɓa asalin mota. Ni dai na rasa na kamawa.

Oga Mai Sanyi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya yi masa rahama. Kafin maganar kwamfuresa, wane gas yake ɗura maka? Sannan ranar farko da ka kai masa, ya kwance wani abu ya wanke, ya canza draya mai tsotse danshi, ya ja bakum wato ya zuƙe iskar ciki da famfo? Ko kawai tiyo ya ɗaura ya buɗe kwalba?

Ɗan Marsandi:
Amin Oga na gode. R134a ne, na gani a jikin kwalbar. Bai kwance komai ba gaskiya, wani ɗan baki ya ɗaura a kan na da ya zuba, minti ashirin mun gama. Bakum kuma ban ma san mene ne ba sai yanzu da ka faɗa.

Oga Mai Sanyi:
To ai ka ga inda gizo ke saƙar. Motarka da gas ɗin R12 aka ƙera ta, wanda ake ce wa Freon, kuma man da ke yawo a cikinta don shafa kwamfuresa shi ne man minaral. R134a ba ya narkar da wannan man, ba ya ɗaukarsa ya zagaya da shi, sai man ya je ya kwanta a wuri ɗaya. Na biyu, tiyon robanta ya haura shekara arba'in, ba shi da shafin nailan na ciki da tiyon zamani ke da shi, R134a kuma ƙwayoyinsa sun fi na R12 ƙanƙanta. Amma ni ban ma zargi tiyo da farko ba, gas ɗin da zai ƙare a sati biyu ba tsatsafowa yake ba, akwai ƙofa a buɗe. Motar da ta yi shekara tara ba a kunna AC ba, sil ɗin bakin shaf na kwamfuresa, wanda ke hana gas fita ta wurin sandar da ke juyawa, ya bushe ƙamas saboda mai ne ke jiƙa shi. Je ka leƙa bayan fuli, wato gargaren da bel ke juyawa a bakin kwamfuresa, da cikin bonet daidai saitinsa, in ka ga layin mai da ƙura ta manne a kai to ka kama ɓarawo ɗaya.

Na Gefe:
Mai ɗura maka gas ɗin nan ya samu kwastoma, kai ne albashinsa 😂 Ɗiban ruwa da kwando kawai kuke yi.

Ɗan Marsandi:
Wallahi na leƙa yanzun nan da tocilan ɗin waya. Akwai wani baƙin layi a cikin bonet kamar an watsa da buroshi, daidai saman fulin. Ni da na ɗauka baƙin man inji ne.

Baba Tsohon Direba:
Yaro ka ji shawarata, kar ka bari a ruɗe ka a cire maka York. Na tuƙa irin motar nan shekaru, AC ɗinta in ka kunna sai ka nemi rigar sanyi. York ana gyara shi, fistin biyu ne kawai a ciki kamar ƙaramin inji, yana da wurin zaman mansa a ƙasa, ana canza sil da gasket ya dawo sabo. Ku yaran yanzu komai sai ku ce a cire a sa na zamani. Motar mahaifinka ce, ka bar ta yadda ya bar ta.

Injiniya:
Baba da girmanka, amma sanyin da kake tunawa na R12 ne, ba na York ba. Kuma R12 ɗin ya tafi. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta yanke masa hukunci saboda yana cin lemar ozon, ƙasashe masu arzikin masana'antu suka daina yin sa daga 1996, sauran ƙasashe aka ba su zuwa 2010, kamfanonin mota kuwa tun tsakanin 1992 da 1994 suka koma R134a. Abin da ya rage a duniya sai tsohon ajiya da wanda aka tsotso daga wasu na'urori aka tace, kuma kwalba da yawa da za ka ga an rubuta R12 a jiki Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Na biyu 240D ta 1977 ƙarfin doki 65 gare ta duka-duka. York in ya kama sai ka ji motar ta yi ajiyar zuciya, ga jijjiga da ke kwance ƙusoshin birakit. Sanden fistin biyar ko bakwai ne a jere a zagaye, aikin ya rabu, ba ya fizgar inji haka.

Baba Tsohon Direba:
To mu da muka hau tudu da ita AC a kunne fa, tura ta muka yi?

Na Gefe:
Baba ku faɗi gaskiya, kashewa kuke in za a hau tudu, a saman tudun ku kunna 😂

Baba Tsohon Direba:
Wannan kuma dabarar tuƙi ce ba laifin mota ba.

Uwar Biyu:
Ni ina bayan Baba a rabi. Tawa ba Marsandi ba ce amma ita ma 'yar shekarun 1970 ce kuma York ne a ciki, na bar shi, sil kawai aka canza da mai. Abin da ya canza min rayuwa kondensa ne, ragar nan ta gaban lagireto da ke zubar da zafin gas. Shekara guda ina fama, a kan hanya sanyi, da na tsaya a gosulo sai zufa, aka ce kwamfuresa ne aka ce gas ne, ashe tsohon kondensan ne ba ya iya zubar da zafin R134a. Da aka sa na zamani mai siraran layuka da yawa a jere, wanda gas ke bi ta hanyoyi da yawa lokaci guda, aka gyara fankar gaba, shi ke nan. Don haka wannan faɗa na York da Sanden ni a ganina kun bar jaki kuna dukan taiki.

Oga Mai Sanyi:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ita ce maganar da mutane ba sa son ji saboda kondensa ba ya burge ido. R134a yana aiki da matsi mafi yawa a ɓangaren zafi, tsohon kondensa mai bututu ɗaya da ke lanƙwasa yana kai da kawo an auna shi ne da R12. In zafi bai fita a gaba ba sanyi ba zai shigo a ciki ba, AC ba sanyi take ƙerawa ba, zafin cikin mota take kwashewa ta kai waje.

Bari in faɗa maka yadda zan yi in motar a hannuna take, ka kai wa duk wanda zai yi maka aikin. A fara tsotse abin da ya rage a ciki da inji, ba a sake shi a iska ba. A cika ta da naitirojin busasshe wajen 150 psi a bi kowane haɗi da ruwan sabulu, a bar geji mai auna matsi a kai a ga ko allura za ta sauka. Kar ka yarda kowa ya yi maka wannan gwajin da iskar oksijin ta masu walda, oksijin da mai in sun haɗu cikin matsi fashewa suke, ba wasa nake ba. Iskar kwamfuresan faci ma ban so, ruwa ne a cikinta. In an gano wuraren yoyo sai a kwance komai, a wanke ibaporeta, wato ragar da ke sanyaya iska a ƙarƙashin dashbod, da bututun ƙarfe da ruwan wankin AC har sai abin da ke fitowa ya fito fes, a busar. Ba a wanke kwamfuresa da wannan ruwan, ba a wanke draya, ba a wanke bawul ɗin faɗaɗa gas. Draya sabo dole, kuma wanda garin cikinsa ya dace da R134a, shi ne ake sawa a ƙarshe don da ka cire murfinsa ya fara shan danshin iska. Duk zoben roba a canza zuwa korayen nan na HNBR, a shafa musu mai kafin a ɗaura. Tiyo a yi sababbi masu shafin ciki, ana iya amfani da kawunan ƙarfenka na asali in suna da kyau a matse sabon tiyo a kai, ka ga ido ba zai gane an canza ba.

Ɗan Marsandi:
Oga Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Mai fa, wanne za a zuba? Na ji ana PAG ana esta.

Injiniya:
In ka bar York ko akwai yiwuwar ragowar tsohon mai a ciki, esta wato POE ya fi zaman lafiya, yana haƙuri da ragowar man minaral da ta R12. PAG ba ya shiri da sinadarin kulorin da R12 ke bari. In kuma komai sabo ne an wanke tas, to ka bi abin da mai kwamfuresan ya rubuta, sabon Sanden na R134a da PAG ɗinsa yake zuwa a ciki. Abin da ba a so shi ne a yi dambu, wannan kaɗan wancan kaɗan. Kuma duka biyun suna shan danshi, kar a bar gorar a buɗe.

Sarkin Araha:
Ku kuna wahalar da bawan Allah. Ni tawa gas ɗin firji na sa mata, irin su R600a da R290 a gauraye, yana tafiya da tsohon man ba sai ka wanke komai ba, matsinsa ƙasa, sanyi kamar ƙanƙara. Shekara biyu ke nan ko gezau.

Oga Mai Sanyi:
Malam ka san R290 sunansa na gaskiya? Furofen. R600a kuma aisobuten. Wato gas ɗin girki. Ban musa maka yana sanyi ba, yana yi sosai. Amma firji a kulle yake da walda, gas ɗin ciki ɗan kaɗan ne, kuma ba ya gudu a titi. Mota kondensanta ne farkon abin da ke fashewa in an yi karo ta gaba, ibaporeta kuma a cikin ɗaki yake ƙarƙashin dashbod kusa da wayoyi masu shekara arba'in da injin fanka mai tartsatsi. Mutumin nan motarsa yoyo take yanzu haka. A Amurka ma hukumar kare muhalli ba ta amince a zuba irin wannan a AC ɗin mota ba.

Sarkin Araha:
To fetur ɗin da ke tanki fa ruwan sha ne? Kuma sabon gas ɗin motocin yanzu R1234yf shi ma ai yana kamawa da wuta.

Injiniya:
Fetur ba ya bi ta cikin dashbod ya huro maka a fuska. R1234yf kuma da ƙyar yake kamawa, ba ajinsu ɗaya da furofen ba, sannan motocin da ke amfani da shi an ƙera su ne da sanin haka. Kuma ka tausaya wa bakaniken da zai karɓi motar bayanka bai san abin da ke ciki ba ya matso da wuta.

Sarkin Araha:
Na manna takarda a bonet ai.

Na Gefe:
Takardar wasiyya ce ko ta gas? 😂

Admin:
Jama'a a yi muhawara ban da gori. Na Gefe ka kiyaye.

Baba Tsohon Direba:
Tunda an zo maganar wuta, shi ma R12 ɗin da nake yabo ba waliyyi ba ne. Da can masu gyara da wata 'yar fitila mai harshen wuta suke neman yoyo, in wutar ta canza launi an gano. Hayaƙin nan guba ne. Wanda duk ya samu ragowarsa a tsohuwar mota kar ya kusanto da wuta ko sigari. Kuma ku sa tabarau, ruwan gas in ya fantsamo a ido daskarar da shi yake nan take.

Ɗan Marsandi:
Ina dawowa da rahoto bayan sati uku, ku yi haƙuri da shiru. Na samu wani mai gyaran da ya yarda ya bi tsarin Oga, da farko ya ɗan ɓata rai wai intanet ta koya min aiki, amma da naitirojin ya shiga shi da kansa ya yi shiru. Wuri uku ke yoyo, sil ɗin York kamar yadda aka ce, da haɗin tiyo ɗaya da ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, da ƙasan kondensa inda tsatsa ta ci. Ibaporeta Alhamdulillah bai yoyo, don an ce min in shi ne sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Amma da muka ciro fankar ciki abin da muka tarar sai wanda ya gani, ɓera ya yi gida, tsummoki da takardu da soson kujera ya cusa a fuskar ibaporetan, wajen rabinsa a toshe. Shi ya sa ko a lamba ta ƙarshe iskar ba ta da ƙarfi, ga wani wari da na ɗauka na tsufan mota ne. Bututun zubar da ruwa shi ma a toshe da laka. Da muka tsiyaye man York ɗin kuma ya fito baƙi-baƙi da ɗan ƙyalli a ciki kamar an barbaɗa garin ƙarfe. Baba ka yafe ni, na sayi Sanden.

Baba Tsohon Direba:
Inna lillahi. To ai shi ke nan. Amma kar ka yar da shi, ka toshe bakunansa ka naɗe shi da birakit ɗinsa da ƙusoshinsa ka ajiye. Wata rana za ka so mayar da ita yadda take, ko wanda zai gaje ta.

Oga Mai Sanyi:
Wannan ƙyallin shi ne hukunci, Baba ma ya san haka. Ƙarfe ya fara cin ƙarfe, kuma ba mamaki gudun da ya yi da gas ɗin da bai dace da mansa ba ne ya ƙarasa shi. Yanzu ka kula da abu biyu. Tunda akwai garin ƙarfe, wankin ibaporeta da bututu a yi shi sau biyu kuma bawul ɗin faɗaɗa gas a sa sabo, in ba haka ba tsakin nan zai je ya kashe sabon kwamfuresan ya toshe sabon kondensan, shi kuma irin na zamanin ramukansa ƙanana ne ba ya wankuwa. Na biyu birakit. A sa ƙarfe miƙaƙƙe a kan fulin inji da na kwamfuresa a tabbatar layi ɗaya suke, in ya karkace ko kaɗan bel zai riƙa kuka yana cinyewa. Bakum kuma kar ya gaza minti 45, ni awa guda nake ba tsohuwar mota, a kashe famfo a jira a ga allura ba ta motsa ba. Amfaninsa ruwa ne ke tafasa ya fita in matsi ya yi ƙasa sosai, in ka bar danshi zai daskare a bakin bawul sanyi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Gas kuma da sikeli, ba da ido ba. Duba abin da aka rubuta na R12 a motar ka sa kamar kashi 80 cikin 100, misali in kilo 1 ne ka fara da giram 800. Kar ya ce zai yi ta zubawa har kumfa ta ɓace a ɗan gilashin draya, wannan dabarar R12 ce, da R134a in ka bi ta sai ka cika fiye da ƙima.

Ɗan Marsandi:
An gama jiya. Geji ya yi kyau in ji shi, bututun da ke komawa kwamfuresa sanyi ƙarara har yana raɓa, fankar gaba tana tashi. Amma jama'a iskar da ke fitowa ciki har yanzu ba ta kai yadda nake zato ba, na sa ma'aunin zafi a bakin iska yana nuna digiri 17. Gwiwata ta yi sanyi wallahi, ita kaɗai ce ma ta yi sanyin.

Sarkin Araha:
Da ka ji tawa da yanzu kana rawar ɗari.

Uwar Biyu:
Kar ka ƙara gas tukuna. In inji ya yi zafi, hita a kashe, taɓa tiyon ruwan da ke shiga bangon inji zuwa hita da wanda ke fitowa. In duka biyun suna ƙona hannu to ruwan zafi na ratsawa, bawul ɗin hita bai rufe ba, AC na sanyayawa hita na ɗumamawa a akwati ɗaya. Matse tiyon shigan a hankali da filaya, ka sa tsumma kar ka huda shi, ka sake aunawa bayan minti goma.

Oga Mai Sanyi:
Kai, wannan ya wuce ni, ni ina can ina lissafin gas. A gwada na Hajiya kafin a taɓa komai.

Ɗan Marsandi:
Hajiya Allah ya biya ki. Na matse, minti goma ya sauko 9, a tsaye ma ba a tafiya ba. Wayar da ke jan bawul ɗin ce ta saki, maɓallin yana nuna a kashe amma can ciki a buɗe yake kaɗan, ga bawul ɗin kansa ya ci tsatsa. Na yi odar sabo, kafin ya zo filayar na nan a maƙale na ɗaure ta da waya.

Baba Tsohon Direba:
Wato da hita a kunne kuka yi ta zagin York.

Injiniya:
Baba garin ƙarfen fa, hita ce ta zuba shi?

Baba Tsohon Direba:
Ni dai na faɗa. Yaro ka riƙa kunna ta ko minti goma duk sati ko lokacin sanyi ne, don sil ya samu mai. Kuma York ɗin nan in ka ga zai tare maka wuri ka yi min magana, ina da inda zan sa shi.